Keken Glenys da Makon Fitar da Tarkace

A layinmu na Keperra, kafin ka ga Glenys Maddock ka riga ka ji ta. Mace ce gajera kakkaura, amma Allah ya hore mata murya. In ta tsaya a barandar gidansu ta daka wa talotalon daji tsawa don ya tone mata lambu, har wanda ke tono a lambun maƙwabta sai ya tattara ya bar aiki. Ita ta ce ba laifinta ba ne, a gonar gyaɗa ta tashi can Kingaroy, inda in za ka kira mahaifinka cin abinci sai muryarka ta ƙetare gona guda kafin ta same shi. Daga gonar nan ta taho birni da abu biyu, muryar, da kuma imanin cewa babu abin da zai lalace a duniya wanda wayar shinge ba za ta ɗaure ba.

Aikinta girki ne a wani gidan kula da tsofaffi da ke can gaba a bakin rafin Kedron. Tuƙi kuwa ba ta taɓa koya ba, ta koya don me, ga Des? Tun suna da baƙin gashi mijin nata ke kai ta da safe a akori-kurarsa ta aikin famfo, ya ɗauko ta da yamma, tana zuba yana gyaɗa kai. Des mutum ne shiru-shiru, bai taɓa ba kowa mamaki ba sai da ya haura hamsin, ciwon keke ya kama shi. Kuma ba keken mutanen kirki ba, keken hawan dutse. Duk Asabar sai ya tafi dajin Coot-tha ya yi ta gangarowa tsakanin itatuwa kamar wanda aka biyo, ya dawo gwiwa a kurje, baki har kunne. Yau ya canza taya, gobe ya canza birki, jibi ya ce sirdin ya yi nauyi. Wanda ya cire kuma ba ya yarwa. "Da sauran rai a jikinsa," in ji shi, sai ya rataye a ƙarƙashin gida. Gidan nasu irin tsofaffin gidajenmu ne na katako da ke tsaye kan dogayen ginshiƙai, sama mutane, ƙasa tarkace, kuma na Des ya fi na kowa tsari a layin, don kowane ƙarfe da ƙusarsa.

Wata safiya a farkon sanyin bana kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Ya yi jinya a asibiti ya dawo, ɓarin hagu ya yi nauyi, magana sai ya jawo ta. Maza biyu suka ɗauko shi a kujera suka hau da shi matakalar gaba, kuma tun daga ranar bai sake taka ta ba. A cikin gida yana dogara sanda ya je ɗaki, ya je bayi, ya fito baranda ya zauna. Amma da ya iso bakin matakala sai ya leƙa ƙasa ya juya abinsa. Ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke zuwa gida ta faɗa masa ido da ido cewa ƙafar nan za ta iya, mai ƙafar ne ya ƙi. Des ya yi kunnen uwar shegu da ita.

'Yarsu Kerryn, wadda ta gaji bakin uwar amma ba ta gaji dariyar ba, ita ce ta fasa ƙwan a kicin.

"Mama, in gobara ta tashi kina wurin aiki fa? Ni dai na gama magana. In Kirsimeti ta zo Baba bai sauko da ƙafarsa ba, sai mu nema masa wuri. Ai a wurin aikinku ma akwai ɗakuna a ƙasa."

"Kul na sake jin wannan maganar a bakinki," in ji Glenys.

Ta faɗa ne kawai, amma ta san yarinyar tana da gaskiya, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta san irin mazan nan na gidan tsofaffi, ita ke dama musu kabewa kullum. Suna zuwa da barkwancinsu, a ba su kujera kusa da taga, shi ke nan, sai ka ga mutum yana narkewa a zaune. Duk sanda ta tuna wata rana za ta zuba wa Des nasa abincin a wannan farantin robar, sai tsoro ya kama ta.

Ga kuma wahalar hanya. An sayar da akori-kura, yanzu sai ta shiga bas ta sauka ta jira wata, motar ta zagaya da ita duniya kafin ta kai ta wurin da tsuntsu zai je kafin shayi ya huce. Ana cikin haka Kerryn ta tuna musu cewa makon tarkace ya kusa. Sau ɗaya a shekara hukumar birni ke zagayowa unguwarmu, kowa ya fito da abin da ya ishe shi ya jibge a ciyawar bakin titi, kuma kafin motar hukuma ta iso masu akori-kura sun tsince rabi. Dokar kowa ya san ta tun yana yaro. Abin da ya taɓa ciyawar nan a makon nan ya tashi daga naka, ya zama na wanda ya riga ɗauka.

"Baba, ƙarafan nan na ƙasa fa?" in ji Kerryn.

Glenys ta gyara zama tana jiran rigima. Mutumin da ya taɓa yin gaba da ita wuni guda don ta shanya tawul a kan kekensa! Amma Des ko ɗaga kai bai yi ba.

"A zubar," ya ce. "Duka."

Da fushi ta sauka ranar Asabar don ta fara kwasa. Ta cire tayoyi daga ƙusa, ta jawo wani akwati cike da sarƙoƙi, sai ga wani tsohon firam kore can baya, ƙura da yanar gizo sun rufe shi. Ta gane shi, kekensa na farko ne, na ƙarfe, an kwashe komai na jikinsa sai ƙashi. Ta ɗaga shi ta ji bai kai buhun dankalin da take ɗauka a wurin aiki ba. Ta dubi bango, ga ƙafafun keke rataye a jere, ga sirdi kala-kala, ga birki, ga feda. Sai ta tuna hanyar keken nan da ta bi gefen rafi, wadda ta fara daga bayan layinmu ta wuce dab da ƙofar kicin ɗinsu na aiki. Nan take ta ji wani daɗi ya taso mata irin wanda rabonta da shi tun kafin ciwon Des. Ta buga cinya ta kwashe da dariya ita kaɗai.

"Des! Keke zan haɗa! Da shi zan riƙa zuwa aiki!"

Barandar tana saman kanta daidai, katakon da 'yan ramuka a tsakani, tana ganin inuwar kujerarsa. Inuwar ba ta motsa ba.

Daga ranar Glenys ta zama wata iri. Tana dawowa daga aiki ta ba Des abinci, ta ɗaura tsohon gaban girki ta yi ƙasa. Ta wanke firam da sabulun kwanuka. Ta gwada wannan ƙafa ta ƙi shiga, ta gwada waccan ta shiga, ko a jikinta da ɗaya baƙa ce ɗaya fara. Tayoyin dutse masu haƙora ta yi fatali da su, ta samo wasu masu sulɓi da Des ya taɓa saye ya ce ba su dace da namiji ba. Katon ƙarfen gaba mai shokozoba ta ce ita ba rami za ta faɗa ba, ta sa wani miƙaƙƙe mara nauyi. Kan keken ya yi mata faɗi, in ta kama sai ta zama kamar mai shanya zanin gado, don haka ta ɗauko zarto ta rage shi gefe da gefe. A wurin aiki har tsofaffi sun san labari. Wani da ya yi aikin jirgin ƙasa kullum sai ya tambaye ta an sa sarƙa ko tukuna. Ta daina gyara farce, baƙin mai ya zauna a ciki daram. Daga sama dai shiru, ko tari.

Feda ce ta kawo ƙarshen shirun. Ta dama ta shiga sumul. Ta hagu kuwa ta murɗa ta murɗa, ta ƙi kama. Ta shafa mata giris, ta lallaɓa, ta zage ta tas da uwa da uba, duk a banza. Sai jinin Kingaroy ya motsa, ta ɗauko guduma ta ɗaga.

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan! Sanda a kan katako, ƙura ta zubo mata a ka.

"Ajiye gudumar nan."

Ta ɗaga kai. Ido ɗaya ta gani a ramin katako, ya ƙura mata.

"Ta hagu baya ake murɗa ta," in ji Des, yana jawo kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Baya. Za ki kashe min zare."

"Wane mahaukaci ne ya ƙera abu haka?"

"Mai hankali ne. Murɗa."

Ta murɗa baya, fedar ta shige kamar an roƙe ta. Glenys ta yi tsalle ta saki shewar da ta tashi tsuntsayen kan mangwaro. Sannan ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Au, ashe kana kallona tun tuni, tsohon munafuki?"

"Tun da kika sa ƙarfen gaba a juye."

"A juye yake?"

"Har yanzu."

"To sauko ka gyara mana, gwani."

"Ina ganinki daga nan," in ji Des.

Haka aikin ya koma na mutum biyu, ɗaya a sama da ido, ɗaya a ƙasa da hannu. In sandarsa ta buga sau ɗaya, ta ƙara ɗaurewa. In sandar ta yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, ta yi ɓarna ke nan. Mu maƙwabta mun sha kallo ba ko gajiya. Ya koya mata jan wayar birki, ya koya mata rage tsawon sarƙa, ya sa ta kwance giya ta sake ɗaurawa har ta yi rantsuwar za ta hau ta shaƙe shi. Maganarsa ma ta fara sakuwa, don mutum ba ya iya faɗa da Glenys da harshe mai nauyi. Babban yaƙin a kan kariya aka yi, wato wurin ɗora kaya a bayan keke. Ƙusoshin da suka dace sun ƙi samuwa, sai ta ɗauko wayar shinge ta naɗe kariyar tamau, ta ɗora kiret ɗin madara shuɗi ta naɗe shi shi ma.

"Waya?" in ji Des. "A jikin kekena?"

"Kekenka? Ai ka ce a zubar. Tsintuwa na yi."

Duk yamma sai ta ce ya sauko, duk yamma sai ya ce yana ganinta daga nan. Tana dariya, amma idonta na kan kalanda. Sanyi ya wuce, shaguna har sun fara rataye kayan Kirsimeti, wadda a nan cikin zafi take zuwa, ƙafar Des kuwa ba ta taɓa matakala ba.

Ranar Lahadin da aka fara fito da tarkace aka gama keken. Da safe Kerryn ta zo suka kwashe ragowar ƙarafan suka jibge a ciyawar bakin titi tare da wata tsohuwar kujerar falo da ta lotse, sannan ta tafi. Glenys ta turo kekenta fili. Gaskiya ni ban taɓa ganin abu mai muni da ban sha'awa irinsa ba: jiki kore, ƙafa baƙa da fara, sirdi ja, kiret shuɗi, waya ta ko'ina. Ita kuwa kallonsa take kamar ta haife shi.

"Sa hular kwano," in ji Des daga baranda. "Wadda na tsittsira wa robobi. Magfai ɗin bakin gada ya fara sara."

Wannan tsuntsu baƙi da fari, in yana da 'ya'ya a sheƙa, ba ya barin mai keke ya wuce lafiya, shi ya sa muke tsittsira wa hulunanmu tsinkayen roba don ya rasa wurin sauka.

"In fita kamar bushiya? A ranar farko? Allah ya kiyaye." Ta sa mai sulɓin, ta haye.

Da farko ta yi tangal-tangal kamar za ta rungumi akwatin wasiƙa, don rabonta da keke tun tana 'yar makaranta. Sai ƙafafun suka tuna da kansu. Ta gangara layi ta faɗa hanyar rafi, iska ta cika mata riga. Ta taka, keken ya amsa. Ta canza giya, ya canzu. Ta matsa birki, ya tsaya cak, har ta sake matsawa don daɗi. Wannan abin da hannunta ta haɗa shi, ita Glenys mai dama kabewa! Ta yi ta kaɗa ƙararrawa ga masu yawo da karnuka, tana gaida wanda ta sani da wanda ba ta sani ba, har sai da ta hango rufin gidan tsofaffi, ko numfashi bai ƙare mata ba. Ta juyo tana waƙa.

A bakin gada ta ji fuuu a bayan kai, sai zafi a kunne. Ta zabga ihu ta ƙara wuta, tsuntsun na bin ta, ita tana zaginsa tana dariya. Ta iso gida jini na ɗiga a wuyan riga. Ta diro, ta jingina keken da abu na farko da ta samu, ta ruga ta gefen gida zuwa famfon baya don ta wanke kunne kafin Des ya gani ya ce ai ya faɗa mata. Abu na farkon nan kuwa tsohuwar kujerar falo ce, a kan ciyawar bakin titi, a tsakiyar tarin ƙarafan keke, a makon tarkace. Matar da ta yi shekara da shekaru a garin nan, wadda ita kanta ta tsinto teburin kicin ɗinta a irin wannan tarin, daɗi ya sa ta manta.

Ta wanke kunne, ta hau ta matakalar baya, ta ratsa kicin da falo, labari cike da baki. Tana fitowa baranda ta ga kujerar Des wayam.

Sai ta hango titi. Wata akori-kura a tsaye, wani katon mutum mai rigar coci ya riga ya ɗora kekenta a kan tarin kayansa yana zarga igiya. Tavita ne, Basamowen nan, ɗan wani tsibiri can tsakiyar teku, da ke zagayowa kowace shekara yana tsintar kekuna ya gyara wa mutanen cocinsu. Ta ja numfashi, irin wanda in ta sake shi Tavita zai ji ko da ya kai ƙarshen layi. Kafin ta buɗe baki ta ji ƙarar sanda a ƙasa da ita.

Des ne a kan matakala. Ya riga ya yi nisa, ya kusa rabi. Hannun dama ya damƙe ƙarfen gefe, sanda na rataye a wuyan hannu tana dukan katako. Ya sauke ƙafar hagu, ta yi rawa, ya jira ta, ya biyo da ta dama. Gumi ya jiƙe bayan rigarsa. Yana ƙoƙarin kira, amma muryar ba ta ko kai shinge ba, shi ya sa ya taso da kansa.

Kalma ɗaya daga bakinta za ta ceci keken, ta san wannan. Ta kuma san in ta furta ta, Des zai tsaya inda yake, a zo a ɗauke shi a mayar da shi kujera. Glenys ta cusa gefen hannunta a baki ta cije. Tavita ya ja igiya ya ƙulle, ya zagaya ɗaya gefen. Des ya sauke ƙafa. Tavita ya jefa wata taya a mota, ya kaɗe hannu, ya laluba aljihu yana neman makulli. Hawaye na zuba a kan hannun da take cizo, amma matar da ba ta taɓa yin shiru ba tun da muka san ta ko uffan ba ta ce ba. Des ya taka ƙasa. Ya dogara sanda ya ja jiki ta 'yar hanyar siminti, ya kama ƙofar shinge daidai lokacin da Tavita ya buɗe ƙofar mota.

"Kai, aboki! Sauke keken nan. Na matata ne."

Tavita ya juyo ya cire hula. "Yi haƙuri, Baba, a kan tari na same shi. Ka san doka."

"Na san doka tun ba a haife ka ba. Kuskure ne. Sabo ne, yau aka gama shi."

Tavita ya dubi keken, ya dubi Des, ya yi iya ƙoƙarinsa kada ya yi dariya. "Sabo, Baba? To wa ya ɗaure kariyar da wayar shinge?"

"Taɓa ka ji," in ji Des. "Girgiza ta. Ba za ta motsa ba. Wadda ta ɗaure ta ta san aikinta."

Tavita ya girgiza, kariya ta ƙi motsi. Ya kwance igiya ya sauko da keken da hannu ɗaya, ya shigo da shi har cikin shinge ya jingina, nesa da ciyawa. "Ku gaya wa Mama ta daina ajiye shi a can, na bayana ba su da kunya irin tawa."

Sai a lokacin Glenys ta sauko. Ta tsaya a gabansa, shatin haƙora a hannu, kunne a kumbure. Des ya dube ta sama da ƙasa yana haki.

"Na ce ki sa ta bushiyar."

"Ka ce."

Ya juya ya dubi keken, karo na farko ba ta ramin katako ba. Ya kai hannu ya murza feda baya, ya karkata kai yana sauraro, ya yamutsa fuska.

"Sarƙar nan tana goga. Tun daga gada nake jin ta." Ya ɗaga sanda ya nuna ƙarƙashin gida, inda ƙusoshinsa ke jere a bango babu komai a kansu. "Tura shi ciki. Ki sauko min da kujerata, daga sama ba a gani sosai. Sannan ki je ki kwaso min ƙarafana daga titi tun ba a tsince ba, da sauran rai a jikinsu."

A nan ne Glenys ta saki ihun da ta haɗiye, kuma na ji shi daga cikin wanka, gida uku tsakani. Ta hau ta sungumo kujerar ta ajiye masa a gindin ginshiƙi. Tana fita titi kwasar ƙarafa ta kira Kerryn a waya, ko da yake da ta bar wayar ma ina jin yarinyar za ta ji ta.

"Ki zo cin abincin yamma. Kada ki sha wahalar hawa sama, ubanki yana ƙasa."